Tarihin Masu Riƙon Ofisoshin Gine-gine a Yola da Jimeta: Daga Zauren Magina zuwa Ƙungiyoyin Ƙwararru

Kowane babban gini da ya tashi a Yola ko Jimeta a wannan zamani yana da tarihi iri biyu, wato wanda ke tsaye a fili kowa na gani, da wanda ke kwance a cikin fayil, inda ake samun yarjejeniyar kwangila da taswirar da hukuma ta sa wa hannu da lissafin kayan aiki da shaidar duk kuɗin da aka biya. Masu riƙon tarihin nan na biyu su ne akawuna da sakatarori da masu lissafi da jami'an mulki na ofisoshin masu zanen gine-gine, kuma ko da yake aiki ba ya tafiya sai da su, tsarin ƙungiyoyin sana'a da ya ginu a Najeriya cikin ƙarni na ashirin ya yi wa mai zane da injiniya da magini gida da doka, su kuwa ya bar su a rarrabe. Fahimtar dalilin haka tana buƙatar a koma zamanin da zane da gini da lissafi duk suke a kan mutum ɗaya, sannan a bi yadda takarda ta shigo ta raba su.

Zamanin fada da magina, 1809 zuwa 1901

A shekarar 1809 ne Modibbo Adama ya karɓi tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka ɗora masa jagorancin ƙasar da ake kira Fombina, wato yankin kudu. Ya fara zama a Gurin da ke kusa da kogin Faro, ya koma Ribadu a wajen 1831, sannan ya kafa Yola a 1841, inda ya rasu a 1847. Ginin da ya fi shahara daga farkon wannan zamani shi ne masallacin Gurin, wanda aka yi da kara da ciyawa, jama'ar garin da na ƙauyukan kewaye kuma suka riƙa sabunta shi da aikin gayya zuriya bayan zuriya. Irin wannan gini ba ya neman taswira ko kwangila, domin kowa ya san rabonsa na aiki, kuma dattawa ne ke riƙe da sanin wanda zai kawo kara da wanda zai kawo igiya.

Shaida rubutacciya mafi tsufa da aka fi dogara da ita game da siffar Yola ta fito ne daga matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya iso garin daga Kukawa ta Borno a watan Yunin 1851, a zamanin Lamiɗo Lawal. Barth ya bayyana Yola a matsayin gari mai faɗi marar ganuwa, wanda akasarin gidajensa ɗakunan jinka ne a cikin manyan farfajiyoyi har da gonaki a tsakani, ya ce gidan Lamiɗo da na 'yan'uwansa ne kaɗai aka gina da ƙasa, ya kuma ƙiyasta mutanen garin da kimanin 12,000. Wannan bayani ya nuna cewa ginin ƙasa a Yola ta farko abin fada ne, kuma fasaharsa ta ƙaru ne da zuwan Hausawa da Barebari 'yan kasuwa da masu sana'a, kamar yadda fadar kanta ta ɗauki sarautu irin su Waziri da Galadima da Kaigama daga ƙasar Hausa da Borno.

A biranen Hausa da waɗannan masu sana'a suka fito, irin su Kano da Zariya, magina suna da tsari tsayayye a ƙarƙashin Sarkin Magina, wanda sarki ke naɗawa. Shi ke tara magina idan za a gyara ganuwa ko fada ko masallacin Juma'a, shi ke raba musu aiki, shi ke sasanta rigima tsakanin magini da mai gida, sana'ar kuma gado ce da yaro ke koya a hannun mahaifinsa tun daga kwaɓa ƙasa da curin tubali har ya kai ga ɗaurin guga da bakan gizo, wato nau'o'in ɗaurin rufin soro da ake yi da azara a lulluɓe da ƙasa. Azara itacen giginya ne da ake tsagawa, kuma da yake ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta wuce kimanin mita biyu, sai gwanintar magini ta kasance a wajen jera ta hawa-hawa har a rufe babban ɗaki. Gwani ba ya zana gini a takarda. Da ƙafa yake shata harsashi a ƙasa, yana awo da taki da kamu da gaba, adadin tubali da azara da makuba da ladan ma'aikata kuwa duk a kansa suke.

Mafi shahara a cikin waɗannan gwanaye shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masallacin da zamanin gininsa tabbatattu ne. Labarin da ake bayarwa cewa wani sarki ya sa an kashe gwanin bayan ya gama masa gini don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi, wannan zancen baka ne da ake ji a wurare da dama game da manyan magina, kuma ba shi da shaida a rubuce. Abin da ya dace a riƙe daga wannan zamani shi ne cewa ƙungiyar magina ta gargajiya ta haɗa abubuwa uku da daga baya suka rabu, wato fasaha da shugabanci da riƙon amana, kuma ilimin rubutu da ke hannun malamai da alƙalai da magatakardan fada bai shiga harkar gini ba sai nadiran.

Shigowar takarda da haihuwar akawun ayyuka, 1901 zuwa 1945

Kamfanin Royal Niger, wanda ya sami takardar izinin mulki daga Ingila a 1886, ya daɗe yana ciniki a Yola daga cikin wani jirgi da aka girke a kan Binuwai, saboda fadar Lamiɗo ba ta sakin jiki da ba Turawa wurin zama a tudu. Yarjejeniyar iyaka da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1893 ta bar birnin Yola a ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙasar Fombina kuma a ɓangaren Jamus. A ranar 2 ga Satumban 1901 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice daga garin, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Sabbin masu mulki da kamfanonin ciniki suka fi karkata ga bakin kogi, inda jirage ke tsayawa, ta haka Jimeta ta bunƙasa ta zama garin bariki da kantuna da ofisoshi, Yola kuma ta ci gaba da zama garin fada da malamai. A 1926 aka haɗa lardin Yola da wani sashe na lardin Muri aka kafa lardin Adamawa.

Mulkin mallaka ya zo da hukumomin gini biyu. Ta farko ita ce Ma'aikatar Ayyuka ta gwamnati, wadda injiniyoyinta Turawa ke gina gidajen Razdan da Di'o da barikin soja da asibiti bisa taswirori na bai-ɗaya da ake aikowa daga hedkwata. Ta biyu ita ce sashen ayyuka na En'e, wato hukumar gargajiya, wanda ya samu ƙarfi bayan da tsarin baitulmali ya bazu a masarautun Arewa daga wajen 1911. Baitulmali ya sauya komai, domin daga lokacin ba a kashe ko anini a kan gini sai an sa shi a kasafin shekara, wadda a wancan zamani ke farawa ranar 1 ga Afrilu ta ƙare ranar 31 ga Maris, kuma ba a fitar da kuɗi sai da bauca, wato takardar biya mai ɗauke da sa hannun wanda ya ba da izini da wanda ya karɓa. Magini ya ci gaba da aikinsa da hannu, amma lissafin da a da yake kansa ya koma kan teburin wani mutum dabam, wato akawun ayyuka.

Aikin wannan akawu ya cancanci a dube shi da kyau. Da sassafe yakan buɗe littafin sunayen leburori, helma yana kira yana sa alama, ranar biya kuma kowa ya dangwala yatsa a gaban sunansa ya karɓi ladansa. Yana riƙe da littafin sito, inda ake rubuta kowane buhun siminti da bandir ɗin kwano da ƙusa da suka shigo ko suka fita, da littafin wasiƙu mai lamba da kwanan wata, yana kuma buga rahoton wata a keken rubutu da takardar kabon don a sami kwafi uku ko huɗu. A Yola nauyin nan ya fi na sauran wurare, saboda manyan jirage ba sa iya hawowa Binuwai sai lokacin cikar ruwa, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, jirgin ƙasa kuma bai taɓa zuwa garin ba, har layin Borno da ya isa Maiduguri a 1964 ta Bauchi da Gombe ya bi. Idan takardar odar siminti da kwano ta makara ba ta riski jiragen damina ba, ginin makaranta ko asibiti zai iya tsayawa har shekara ta zagayo.

Da yake ilimin boko ya makara a Arewa, inda makarantar Nasarawa ta Kano da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe ba ta fara ba sai 1909, yawancin akawunan gwamnati da na kamfanoni a shekarun farko sun fito ne daga kudancin Najeriya da Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ofisoshin En'e kuwa suka dogara da 'yan ƙasa da suka fito daga makarantun lardi da na Midil. Ƙungiyoyin da suka fara tattara irin waɗannan ma'aikata su ne na ƙwadago. An kafa ƙungiyar ma'aikatan gwamnati ta Najeriya a Legas a 1912, dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta fito a 1938, sannan a tsakiyar 1945 aka yi babban yajin aikin gama-gari na sama da kwana arba'in a kan tsadar rayuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan aka aza harsashin da ya daɗe yana tasiri, domin akawu ya saba haɗuwa da 'yan'uwansa a kan wanda ya ɗauke su aiki da batun albashi, ba a kan fannin da yake yi wa hidima ba, saboda haka akawun ayyuka da na haraji da na kotu duk aji ɗaya aka ɗauke su, ana iya sauya wa kowannensu wurin aiki a kowane lokaci.

Shekarun horo da kafuwar ƙungiyoyin ƙwararru, 1946 zuwa 1975

Shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946, tare da dokar tsara birane da ta fito a shekarar, ya ninka yawan gine-ginen gwamnati, kuma a wannan lokaci ne masu zanen gine-gine masu zaman kansu irin su Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka tsara gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Ibadan, suka nuna cewa zane sana'a ce mai ofishinta dabam da ma'aikatar gwamnati. A Arewa an ɗauki matakai biyu da suka tafi kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun haɗu ba. A ƙarshen shekarun 1940 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyar da Aikin Mulki ta Kongo a 1954, a daidai lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa. A ɗaya ɓangaren kuma, sashen koyar da zanen gine-gine da aka fara a Ibadan a 1952 ya koma Zariya a 1955, kuma shi da cibiyar Kongo duk suka shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Gari ɗaya ke yaye mai zane da mai riƙon ofis, amma manhajar ɗaya ba ta san da ɗayar ba.

Ƙwararrun da suka karanto a Ingila sun dawo da tsarin da suka gani a can, inda cibiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya ke aiki tun 1834. Injiniyoyi suka kafa ƙungiyarsu ta NSE a 1958, masu zanen gine-gine suka ƙaddamar da cibiyarsu ta NIA ranar 1 ga Afrilun 1960, wata shida kafin samun 'yancin kai, masu tsara birane suka biyo baya a 1966, masu ƙiyasin kuɗin gini kuma a 1969. Mataki mafi muhimmanci shi ne samun goyon bayan doka. Dokar soja mai lamba 10 ta 1969 ta kafa majalisar rajistar masu zanen gine-gine, ARCON, wadda ta hana kowa amsa sunan sana'ar sai wanda ta yi wa rajista, a 1970 kuma aka kafa COREN domin injiniyoyi. Ƙungiya tana kare mutuncin mambobi da ci gaban iliminsu, majalisar rajista kuwa tana riƙe da ƙofar shiga da ikon hukunta mai laifi, kuma haɗuwar waɗannan biyu ce ta mayar wa ƙwararren zamani irin ikon da Sarkin Magina ke da shi a da.

Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun sa ɗimbin akawuna da masu buga keken rubutu da masu sana'ar hannu 'yan yankin Gabas barin garuruwan Arewa, ofisoshi suka shiga ƙarancin ma'aikata, aka koma horar da matasa cikin gaggawa. A 1967 lardin Adamawa ya faɗa cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri, kuma gwamnatin wannan jiha ce ta ɗauko kamfanin Max Lock, wanda ya riga ya yi nazarin birnin Kaduna, ya binciki manyan garuruwanta a tsakiyar shekarun 1970, ciki har da Yola da Jimeta, ya tsara musu taswirar bunƙasa.

Zamanin Gongola, 1976 zuwa 1991

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiri Jihar Gongola da hedkwata a Yola, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara. Sabuwar jiha tana buƙatar sakatariya da gidan gwamnati da kotuna da asibitoci da gidajen ma'aikata, yawancinsu kuma a Jimeta aka aza su, unguwanni irin su Dougirei da Karewa da Bekaji suka cika da ofisoshi da gidajen ma'aikatan gwamnati, shirin gidaje masu sauƙin kuɗi na gwamnatin Shehu Shagari tsakanin 1979 da 1983 ya ƙara nasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta mayar da takardar shaidar mallaka da amincewar hukumar tsara birane sharuɗɗan da mai gini ba ya tsallakewa. Ma'aikatar Ayyuka ba ta iya zana duk waɗannan gine-gine ita kaɗai, don haka aka riƙa ba kamfanonin masu zane aiki, wasu daga Kaduna da Jos da Legas, wasu kuma na 'yan jihar da suka kammala karatu a Zariya.

A irin waɗannan ofisoshi ne aikin mai riƙon ofis ya zama fanni mai zaman kansa. Mai zane yakan yi aikinsa a kan takarda mai shara-shara, a kai ta na'urar da ke fitar da kwafi da sinadarin amoniya, sakatare ya naɗe kwafin ya rubuta lamba da ranar da aka aika wa injiniya da mai ƙiyasi da ɗan kwangila, domin idan aka gyara taswira kuma tsohon kwafi ya ci gaba da yawo a wurin aiki, za a iya zuba kankare a inda bai dace ba. Shi ke buga kundin ƙididdigar kayan aiki mai ɗaruruwan shafuka a kan sitensil, shi ke rubuta bayanin taron da ake yi a wurin gini kowane wata, shi ke bin takardar shaidar biya, wato wadda mai zane ke sa wa hannu don tabbatar da cewa ɗan kwangila ya yi aikin da ya cancanci a biya shi, daga tebur zuwa tebur a ma'aikata har ta isa ofishin akanta janar. Shi ne kuma ke tuna ranar da za a saki kuɗin riƙo, wato kashi biyar ko goma cikin ɗari da ake tsarewa har wa'adin gyaran kurakurai, galibi wata shida, ya cika.

Duk da wannan nauyi, sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago na 1978, wanda ya tattara ɗaruruwan ƙungiyoyi zuwa 42 a ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ya bi tsohon layi ne. Masu buga keken rubutu da sakatarorin gwamnati suka sami ƙungiyarsu, ma'aikatan kamfanonin gine-gine suka sami tasu, ma'aikacin ƙaramin ofishin zane mai mutum biyar ko shida kuwa ya faɗa tsakani. Ta fuskar ilimi an sami ci gaba, domin an kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Yola a 1979 kafin a mayar da ita Mubi a 1982, an kuma kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Yola a 1981, wadda aka haɗe da Jami'ar Maiduguri a 1984, ta dawo da cin gashin kanta a 1988, kuma ita ce a yau Jami'ar Modibbo Adama mai sashen koyar da zanen gine-gine. Faɗuwar farashin mai da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 sun tsayar da ayyuka da yawa, kuɗin masu zane suka maƙale a ma'aikatu shekara da shekaru, ofisoshi suka rage ma'aikata, kuma ma'aikatan mulki ne aka fi saurin sallama. A daidai waɗannan shekaru ne sauran ƙwararru suka kammala killace sana'o'insu da doka, masu ƙiyasi a 1986, masu tsara birane a 1988, magina masu digiri a 1989.

Daga 1991 zuwa yau

Ranar 27 ga Agustan 1991 aka raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba, wasu fayiloli da ma'aikata suka koma Jalingo, a 1996 kuma aka raba ƙaramar hukumar Yola zuwa ta Arewa mai hedkwata a Jimeta da ta Kudu mai hedkwata a cikin garin Yola. A 1991 ɗin ne cibiyar sakatarori da jami'an mulki ta ICSAN ta sami amincewar doka, sai dai ta fi mayar da hankali ga sakatarorin manyan kamfanoni da dokokin tafiyar da su. Kwamfuta da manhajar AutoCAD sun kawar da allon zane da sitensil, wayar salula da ta fara bazuwa a 2001 ta rage zirga-zirgar masinja, har wasu suka ɗauka cewa mai zane zai iya riƙe ofishinsa da kansa.

Abin da ya faru ya saɓa wa wannan zato, domin takardun da doka ke nema ƙaruwa suka yi. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 ya fayyace nauyin da ke kan sana'o'i bakwai na fannin gine-gine da takardun da kowacce za ta gabatar, dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta 2007 kuma ta kafa hukumar BPP ta wajabta gasa a fili. A yau ofishin zane da ke neman aikin gwamnatin tarayya sai ya haɗa takardar rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da shaidar hukumar fansho, da ta asusun horar da ma'aikata na ITF, da ta asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da shaidar cewa rajistarsa da ARCON tana nan da ranta, kuma da yawa daga cikinsu duk shekara ake sabunta su. Takarda guda da wa'adinta ya ƙare tana iya fitar da kamfani daga gasa tun kafin a buɗe taswirarsa. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru ya tsananta, da kwararowar 'yan gudun hijira zuwa Yola bayan da Boko Haram ta kama Mubi a Oktoban 2014, da kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas a 2017, sun kawo ayyukan sake gini masu yawa da kuɗin hukumomin agaji na duniya, waɗanda ba sa sakin kashi na biyu na kuɗi sai an kawo cikakken bayanin yadda aka kashe na farko.

Darasin wata ƙasa da gurbin da ya rage

A Amurka, inda cibiyar masu zanen gine-gine ta AIA ke nan tun 1857, wasu sakatarorin ofisoshin zane a birnin Miami sun kafa ƙungiyar kansu a 1959, domin sun lura cewa abin da suke buƙatar sani game da kwangilar gini da lissafin kuɗin zane da inshorar sana'a ba a koyar da shi a makarantar sakatarori. Ƙungiyar ta yi rassa a birane, ta sauya suna fiye da sau ɗaya yayin da aikin mambobinta ya tashi daga buga wasiƙa zuwa kula da kuɗi da ma'aikata da neman kasuwa, a yau ana kiranta SDA, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da AIA, tana kuma ba da takardar shaidar ƙwarewa bayan jarrabawa. Abin lura shi ne cewa daga gari ɗaya ta faro, da mutane ƙalilan, ba tare da jiran wata doka ba.

A Adamawa masu zanen gine-gine suna da reshen NIA na jiha, injiniyoyi suna da reshen NSE na Yola, birkiloli da kafintoci da masu buga bulo ma suna da ƙungiyoyinsu da shugabanninsu, waɗanda ta wata fuska su ne magadan tsarin Sarkin Magina. Hanyoyin da ke buɗe ga mai riƙon ofishin zane kuwa na gama-gari ne, irin su ICSAN da cibiyar masu gudanarwa ta NIM da ƙungiyoyin akantoci, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka gina a kan harkar gini. Tarihin da ya gabata ya bayyana dalilan haka, wato gadon mulkin mallaka da ya ɗauki akawu a matsayin ma'aikacin da ake sauya wa tebur, da ƙanƙantar ofisoshi, da dogaronsu ga kwangilar gwamnati mai zuwa da yankewa, da kuma dokokin rajista da suka ƙidaya sana'o'i bakwai suka tsaya.

Hasarar da ke cikin wannan gurbi a bayyane take, domin ilimin da ma'aikaci ya tara cikin shekara ashirin na bin takardar biya da tsare taswirori yakan tafi tare da shi ranar da ya bar aiki, wanda ya gaje shi kuma ya faro daga tushe. Kayan cike gurbin duk suna nan a Yola da Jimeta, domin akwai jami'a mai koyar da zane, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha mai koyar da aikin ofis da lissafi, akwai kuma reshen NIA da zai iya ba da inuwa kamar yadda takwararsa ta Amurka ta yi. Abin da tarihin NIA da na SDA suka yi tarayya a kai shi ne cewa masu sana'ar ne da kansu suka fara zama suka rubuta abin da ya wajaba mai shiga cikinsu ya sani, amincewar hukuma da ta jama'a kuma ta biyo baya.